Tsatsa a Gadar Rafin Madaci

Litinin, 8 ga Maris 1954, bayan azahar

An dakatar da ni daga aiki yau da safe. Bari in rubuta shi a sarari in gani da idona: Tanimu, helman magina, an ce ya zauna gida sai an neme shi. Luka akawu ne ya karanta mini takardar, yana karantawa yana share gumi kamar shi aka dakatar.

Dalili kuwa gadar rafin Madaci ce, ta mil sha ɗaya a hanyar Tungan Magajiya. Ranar Asabar wani direba ya sauka ƙarƙashinta ɗiban ruwa, ya ɗaga kai ya ga kankare ya tsage, rodi ya leƙo waje ja wur da tsatsa. Sabon injiniya, Baturen nan da leburori ke kira Dogo, ya je ya gani. Da ya dawo ya buɗe tsohon fayil, ya tarar an rubuta cewa a 1947 helma Tanimu ya gauraya garin tsingaro da siminti. Shi ke nan, bincikensa ya ƙare. Ya ce na cuɗa jar ƙasa a kankare, ita ta ci ƙarfen.

Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na san abin da na zuba.

Laraba, 10 ga Maris, da hantsi

Zaman gida ba nawa ba ne. Na gyara ƙofar kewaye, na sake ɗaurin rumfa, matata Ramotu ta ce in na ƙara taɓa wani abu a gidan nan za ta rufe ni a ɗaki.

Tun da ba aiki, bari in rubuta yadda abin yake, don wanda bai sani ba. A yaƙi na koyo shi, a Indiya, inda muka yi wata tara muna gina kwalbatoci. Magina can suna daka ƙonannen bulo ya zama gari su zuba a kwaɓi. Mu nan ba mu da bulo irin nasu, amma muna da fasassun tukwane, kuma yumɓu ne da ya sha wuta iri ɗaya. Da na dawo siminti ya yi wuya, sai na je wurin Asibi mai ginin tukwane na kwashe duk tsingaron da ke bayan gidanta. Mata suka daka, aka tankaɗe da rariya. Kwano ɗaya na garin, kwano huɗu na siminti. Tsohon injiniya ya murza a yatsa, ya yarda, ya sa hannu.

Irin wannan kankare yana da nawa. Ba ya kamawa da wuri, sai an yi ta ba shi ruwa mako uku cur, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Amma in ya kama, ya toshe ke nan. Ruwa ba ya samun hanyar da zai kai ga rodi, kuma rodin da ruwa bai taɓa ba ba ruwansa da tsatsa. Leburori sun yi mini dariya a lokacin, suna cewa jan kankaren Tanimu sai an yi masa reno kamar jinjiri.

Abin da fayil bai rubuta ba shi ne gadar nan rabi biyu ce, da ginshiƙi a tsakiya. Rabin wajen Kontagora ni na zuba. Rabin can wani ne.

Jumma'a, 12 ga Maris, bayan la'asar

Na je gaida surukina bayan masallaci, kamar kowace Jumma'a. Mutanen gari Shaba Magini suke ce masa. Ni bakina bai taɓa kama sunan ba tun da na auri 'yarsa, amma takarda ba ta jin kunya. Banufe ne, ya zo Kontagora tun ina goyo, kuma shi ya fara ɗora mini kwanon sarki a ka. Duk abin da na sani na gini, ban da na Indiya, a hannunsa na gani. Saura wata biyar ya ajiye aiki.

Ya ce ya ji abin da ya faru, Allah Ya kyauta. Na ce amin. Muka yi zancen zafi, da tsadar goro, da ko ruwa zai sauka da wuri bana. Bai ambaci gada ba, ni ma ban ambata ba.

Asabar, 13 ga Maris, da yamma

Na hau keke zuwa Madaci na dawo. Rabina lafiya lau.

Talata, 16 ga Maris, da hantsi

Abin da na gani ranar Asabar ke nan, yanzu da cinyata ta daina ciwo. An toshe hanya da duro biyu da reshen ƙaya, motoci suna sauka ta cikin yashin rafi. Wannan yana yiwuwa yanzu. In ruwa ya sauka, ba sauran hanya sai gadar.

Na shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma. Rabina in na buga yana amsawa tsaf, kamar an buga turmi. Rabin can kuwa fanko, ga ɓawo yana zubo mini a ka. Tsatsa tana kumbura rodi, rodin ya tura kankare daga ciki har ya tsage shi, kuma tsagar ta bi layin rodin ɗaya bayan ɗaya kamar an ja da rula. Jan da Dogo ya gani ruwan tsatsa ne ya zubo a kan farar ƙasar da ake shafa wa gada. Da ya kankare da farcensa da ya ga cikin toka-toka ne, ba ja ba. Amma mutum mai farin wando ba ya son kankara.

Na je wurin Luka na ce ya gaya wa Bature a fasa rabi biyun a gabansa, a ciro rodi daga kowanne. In nawa ya yi tsatsa, a kore ni ba takardar shaida. Luka ya ce na cika kuri. Na ce ba kuri ba ne in mutum ya san aikinsa.

Alhamis, 18 ga Maris, bayan azahar

Dogo ya yarda, ranar 29 ga wata. Amma kafin nan ya ba da umarni a rufe duk abin da na zuba da tsingaro: kwalbati uku da tankin ruwa. An sa musu jan fenti. Na wuce na ga mata suna kewaye tankina da tulunansu kamar wurin da aka ce akwai maciji, raina ya ɓaci sosai.

Na san abin da na zuba. Wannan bai dame ni ba.

Jumma'a, 19 ga Maris, bayan magariba

Gishiri ne. Kwana goma sha ɗaya ina zagaye kalmar, ga ta na rubuta.

Baba, wato surukina, shi ya zuba rabin can, kuma yana zuba gishiri a duron ruwan kwaɓi, tun kafin in san shi. Yana sa kankare ya kama da wuri, kwana uku an cire katako, ga shi gara ba ta kusantar katakon. Shi ya sa ake cewa aikin Baba ba ya kwana. A 1947 na ga buhu biyu jingine a gindin madacin da ke bakin gadar, na ga an juye su, kuma na riga na ga abin da ruwan teku ke yi wa ƙarfe a bakin jirgi. Ban hana ba. Lokacin sauran wata ɗaya a ɗaura mana aure da Ramotu. Wane ne ni in gyara wa uban yarinya kwaɓi a gaban leburorinsa?

Yau na gwada. Na bi ta nesa, na ce Baba, wai a Indiya suna cewa gishiri ba ya shiri da rodi. Ya dube ni ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Tanimu, gishirin da ke hana nama ruɓa, shi ne zai ruɓar da ƙarfe? Shekara talatin ina zuba shi. Wane gini nawa ya faɗi?"

Na ce babu, Baba. Gaskiya ne kuwa, babu tukuna.

Lahadi, 21 ga Maris, da safe

Na yanka guntun rodi biyu, na goge su da yashi har suna ƙyalli. Ɗaya na naɗe a tsumman da na jiƙa da ruwan rijiya, ɗaya a tsumman ruwan gishiri. Na ba Ramotu ta kai zauren Baba, ta ce masa ajiya ce tawa, a riƙa yayyafa musu ruwa.

Ta karɓa, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta fita ba. Ramotu ba ta karatu, amma 'yar magini ce, a gindin kwaɓi ta girma. Ta ce ta san gishirin nan, tana ƙarama ita ke ɗebo masa a kwarya. Ta ce in an fasa aka ga nawa lafiya, ai na fita, me ya rage? Na ce ba abin da ya rage. Ta ce to, in bar tsoho ya ajiye aiki da hularsa a kansa. Na ce haka nake nufi.

Haka nake nufi kuwa. Za a fasa, za a ga rodina, in an tambaye ni abin da ya sami ɗayan in ce Allah Ya sani. Ba ƙarya a ciki.

Laraba, 24 ga Maris, da tsakar rana

Ban so in je ba, ƙafata ce ta kai ni. Rijiyar bayan kasuwa, Baba ya zuba murfinta shekara tara da suka wuce, faffaɗan kankare mai baki huɗu. Da rana tsaka ba kowa, sai na ari madubin wanzami na haska rana ta cikin bakin, na kwanta ruf da ciki na leƙa ƙarƙashin murfin.

Na ƙirga tsaga biyar. A biyu daga ciki rodi yana waje, ɗaya ya sirance bai fi kaurin karan tsintsiya uku ba.

Da safe mata goma sha biyu ke tsayawa a kan murfin nan lokaci ɗaya, wasu da goyo. Rijiyar gaba goma sha huɗu ce. Ba jan fenti a jikinta, don ba ni na zuba ba.

Alhamis, 25 ga Maris, da yamma

Na ce wa Ramotu ta daina aika ɗiban ruwa bayan kasuwa. Ta tambaye ni dalili, na ce ruwan ya yi zartsi. Ta dube ni.

Jumma'a, 26 ga Maris, bayan la'asar

Baba ya kwance tsummokin a gabana da kansa. Na ruwan rijiya ya yi ɗigo-ɗigon ja. Na gishiri ya yi ɓawo, har ya rina tsumman. Ya juya su a tafin hannu ya daɗe, sannan ya ce ai duka biyun sun yi tsatsa. Ya ce kuma wannan a tsumma yake, nasa a cikin dutse yake.

Sai na gaya masa zancen rijiya, kaina a ƙasa. Na ce ko shi da kansa zai je wurin Bature ya ce a duba, ba sai ya faɗi dalili ba. Ya ture tsummokin gefe. Sai cewa ya yi murfin nan ranar da aka zuba shi jaki uku da kaya suka tsaya a kai. Ya kira a kawo mini fura.

Na sha. Ina son mutumin nan, kuma yau ya ba ni haushi kamar in fasa ƙoƙon. Ban taɓa jin biyun a lokaci ɗaya ba.

Lahadi, 28 ga Maris, bayan azahar

Na wasa diga, na sa wa guduma sabuwar ƙota. Gobe kowa zai ga rodina.

Litinin, 29 ga Maris, da yamma

Mun isa Madaci da hantsi a motar ofis, ni da Dogo da Luka da leburori shida. Baba ma an kira shi, a matsayinsa na babban magini. Ya sa farar riga ya zauna a inuwa a kan buzunsa.

Nawa aka fara. Leburori biyu suka yi ta sara har rana ta take, suna zagina ƙasa-ƙasa, diga tana tsalle tana dawowa. Da aka kai ga rodi na ce kowa ya matsa, na share da hannun rigata. Shuɗi-shuɗi yake kamar ranar da aka sauke shi daga mota. Dogo ya durƙusa a cikin yashi da farin wandonsa, ya kankara da wuƙa, ya ɗauki guntun jan kankaren ya zuba masa ruwa daga gorarsa. Ruwan ya gangare bai shiga ba. Ya ce wani abu, Luka ya ce wai yana tambaya kwano nawa ne. Na ce ɗaya da huɗu, ranka ya daɗe, da ruwa mako uku. Ya rubuta.

Rabin can sara uku aka yi ya zubo. Rodin da aka ciro Dogo ya karya shi da hannu.

Ya miƙe ya ce a gaya mini ya yi kuskure, in koma aiki gobe, a goge jan fentin. Sannan ya juya guntun rodin, ya ce mai yiwuwa ƙarfen da aka kawo wa rabin nan tun asali marar kyau ne, bayan yaƙi an sha kawo irinsa. Zai rubuta haka a rufe fayil, a sake zuba rabin kawai. Ya tambaya ko akwai mai magana.

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Luka ya riga ya fara naɗe takarda. Na dubi inuwa, Baba yana kallon yatsun ƙafarsa. Na jira shi, wallahi na jira, har Dogo ya juya zai hau gangare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen iri ɗaya ne, mota ɗaya ta kawo shi. Gishiri aka zuba a ruwan kwaɓin rabin nan. Na gani da idona ban hana ba. Kuma akwai wasu wuraren."

Luka ya dube ni kafin ya juya maganar. Dogo ya dawo da baya, ya tambayi wanda ya zuba. Na ce babban magini. Ya ce suna yake so, don takarda.

Na ce, "Shaba."

Leburori suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Ɗayansu ya yi salati a hankali. A motar dawowa Baba ya zauna gaba, ni a baya kan diga, har Kontagora.

Talata, 30 ga Maris, da yamma

Na koma aiki. An gaishe ni, ba wanda ya yi mini barka.

Alhamis, 1 ga Afrilu, bayan azahar

An sallami Baba jiya. Dogo bai kai maganar gaba ba, ya ce ba mugunta ba ce, amma ba zai sake riƙe kwaɓi ba. Luka ya ce da aka tambaye shi wuraren da ya sa gishiri a kankare mai rodi, bai yi gardama ba, ya lissafa goma sha ɗaya da ka, da shekarar kowanne, har da wata kwalbati a hanyar Zugurma da ofis ya manta da ita. An kewaye rijiya da ƙaya tun ranar Talata.

Ni aka ba aikin fasa su duka in sake zubawa. Da tsingaro, in ji takardar.

Ramotu ta tafi gidansu da safe. Ta ce tsoho ba ya cin abinci, za ta je ta ga abin da ake ciki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Abu ɗaya ta ce tana ɗaura ƙunshi: "Ka ce haka kake nufi." Na ce haka na nufa a ranar. Ta tafi da yaran biyu da tukunyar miya.

Na yi daidai. Na sake aunawa ta kowane gefe, na yi daidai. Amma tuwon da na saya a kasuwa yana nan a rufe ban taɓa ba.

Jumma'a, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kai har bakin zaure na yi sallama sau uku. Aka ce yana barci.

Asabar, 3 ga Afrilu, da hantsi

Asibi ta ce tsingaron bayan gidanta ba zai isa wuri goma sha ɗaya ba, sai dai in so ta fasa sababbi. Na aika ƙauyuka uku a tara mini. Hadari ya taso gabas jiya ya watse. Jan kankare yana son mako uku, kuma ba zan rage masa kwana ɗaya ba ko Dogo zai tsaya a kaina.

Litinin, 5 ga Afrilu, da yamma

Da rijiya muka fara. Mun gitta itatuwa a ƙarƙashin murfin, muka shimfiɗa kwano don kada ɓaraguzai su faɗa ruwa. Rabin kasuwa ta taru kallo. Na ɗaga guduma ke nan sai mutane suka dare.

Baba ne, cikin tsohuwar rigar aiki, ya rame a mako ɗaya kamar wanda ya tashi daga jinya. Na durƙusa na gaishe shi. Hannu kawai ya miƙo. Na ba shi gudumar.

Ya zagaya zuwa kusurwar gabas, ya share ƙasa da ƙafa. Ashe akwai rubutun ajami a wurin, sunansa da shekara, da ya zana da tsinke tun kankaren yana ɗanye. Nan ya buga. Bugu biyu kusurwar ta ɓalle gaba ɗaya, faɗin tabarmar salla, ta zauna a kan itatuwan. Wata mata da ke tsayawa daidai nan kullum ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa.

Ya tsuguna ya zaro rodin, ya murza shi, ya zube a tafinsa kamar garin barkono. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu tafin hannun, yana cewa aikinsa ne, su yafe masa.

Da ya gama ya dawo inda nake, ya kakkaɓe hannu a riga. Bai dube ni ba, duron ruwan yake kallo.

"Ka yi gaskiya a Madaci," in ji shi. "Amma da ka yi ta shekara bakwai da suka wuce, a gindin madacin nan, da na zage ka, wataƙila in hana ka yarinyar. Da wurare huɗu za ka fasa yau, ba sha ɗaya ba."

Ya ajiye mini gudumar a ƙasa ya tafi. Na ƙirga a kan yatsu bayan ya ɓace, don na saba samun kuskure a lissafin mutane. Nasa daidai ne. Bakwai daga cikin sha ɗayan bayan aurena aka zuba su, uku ni na kama masa katako.